Shekarar da Na Wanke Fumfunar Auta

Duk Sallar da kuka taru a tsakar gidan nan, kafin a sauke tukunya ta biyu sai wani a cikinku ya tayar da zancen: wai Inna ce ta wanke digirin Auta da sabulu da soso. Ku yi ta dariya, jikokina ma su taya ku ba tare da sun san kan zancen ba. To, ban musa ba. Na wanke, wallahi na wanke shi tas, har na kife shi a rana ya bushe. Amma rabin labarin kuka sani, kuma rabin da ya fi ban dariya kuka zaɓa. Tunda ajin yaƙi da jahilci ya bar mini abin da zan riƙe biro da shi, bari in ajiye muku sauran a nan, don akwai ranar da za ku so tambaya ba ku same ni ba.

Sai na fara da Babana, wanda yawancinku ba ku riska ba. A Farin Dutse ta ƙasar Gwaram aka haife ni. Babana manomi ne, amma abin da aka san shi da shi shi ne magani. Ba ya duba, ba ya zana ƙasa, ba ya kiran kowa sai Allah. Itace kawai ya sani: saiwa, ganye, sassaƙe. Ni ce 'yar rakiyarsa daji, ni da yayana Ilu. Kuma yana da tsarinsa wanda bai taɓa saɓawa ba. Idan zai ɗebi sassaƙe, ta gabas kaɗai yake ɗiba, faɗin tafin hannu, ba ya zagaye itace da wuƙa. In ya gama sai ya kwaɓa laka ya shafe wurin, kamar yadda ake ɗaure wa mutum rauni, kuma ba zai sake taɓa wannan itacen ba sai damina biyu ta wuce. Akwai wani marke a bayan gari da ya fi kowane itace ƙauna. Mu a gida marken Baba muke ce masa. Ku riƙe sunan nan.

Da aka kawo ni Birnin Kudu gidan babanku, gidan malamai na shigo. Allo ta ko'ina, karatu safe da yamma. Kakarku Hajiya Babba, Allah Ya haskaka kabarinta, mace ce mai kirki, amma ba ta raba mai sassaƙe da boka. A wurinta duk ɗaya ne. Ina cikin kwana bakwai na amarci ta kira ni ɗakinta, ta zaunar da ni a gabanta.

"Habi, mun karɓe ki hannu biyu. Amma sana'ar gidanku ki bar ta a gidanku. Rantse mini ba za ki ƙara shiga daji neman itace ba, ba kuma za ki shigo mana da zancensa gidan nan ba."

Na rantse. Ina yarinya, ina son zaman lafiya, ina kuma son ta. Daga ranar na rufe bakina, har na saba rufe kunnena. Kun san ni da kunne: in ana raɗa a zaure ina kicin, zan gaya muku wa ya ce me. Amma in aka ambaci sabara ko kalgo a gabana, sai in tashi in ce wake na kan wuta. Gidan ya zama duniyata, kuma ban yi ƙorafi ba, don ni dama mai son gida ce. Ku bar ni da tsintsiya da baƙi da hira, kun gama mini komai. Farin Dutse kuwa sai gaisuwar rasuwa ko suna, daga mota zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa mota. Shekara talatin da wani abu ban taka bayan garin ba.

Yanzu ga shekarar da nake son ba ku labari. Kafin ta da kamar shekara uku, likita ya gaya wa Malam, babanku, maiƙo ya yi yawa a jininsa, yana taruwa a jijiyoyi kamar yadda man shanu yake daskarewa a bakin kwalba, in ba a kula ba wata rana hanya ta toshe. Aka ba shi 'yar ƙwaya ya riƙa sha kullum, aka hana shi man shanu da ɓargo da kitsen tsire. Kun dai ga yaƙin da muka yi. Mutumin da tuwon dawa ba ya wuce masa sai ya ga mai yana kwaranya a kan miya! Rannan na kama shi ya buɗe ƙwaryar man da na ɓoye a ƙarƙashin gado.

"Malam, me ake nema?"

"Sansanawa kawai nake, Hajiya. Likita bai hana hanci ba."

A lokacin Rukayya, Autarmu, tana shirin digiri na biyu a jami'a. Ciwon babanta ne ya sa ta zaɓi aikin da ta zaɓa. Abin da na sani kawai shi ne aikin nata na itatuwan magani ne, kuma da na ji haka na ja labule. In ta fara, "Inna, kin san abin da na gani a ɗakin gwaji?" sai in ce, "Allah Ya taimaka, miƙo mini ludayin can." Har ta gane ta daina. Ta bi dazukan Kangire da Dingaya tana tsinko rassa, ta kuma roƙi kawunta Ilu ya aiko mata daga Farin Dutse. Ranar da saƙonsa ya zo a hannun wani direban motar kasuwa, ina tankaɗe a tsakar gida, na jiyo direban a zaure yana ce wa Auta:

"Ya ce a gaya miki wannan ɗaurin mai jan zare na marken Baba ne."

Rariyar ta tsaya a hannuna. Auta ta ce to, ta gode, ta wuce. Ita a wurinta marke marke ne. Ni kuma na ci gaba da tankaɗena. Damina ta gaba Yaya Ilu ya rasu.

Sai malaman jami'a suka shiga yajin aiki, aka rufe makaranta, Auta ta dawo gida da jakarta da wani kwanon samira mai murfi, an naɗe shi da zane. Ta zagaya gidan tana neman wuri mai sanyi, ta ajiye shi a ɗakina bayan randa.

"Inna, don Allah kada kowa ya taɓa wannan. Aikina ne gaba ɗaya."

"Wa zai taɓa miki? Ni da nake nan kamar turmi?"

Na kuwa tsare shi. Wata guda cur ko jika bai kusanci bayan randar ba. Ana saura kwana uku Babbar Sallah, Auta ta tafi Kangire kai amaryar ƙawarta, ni kuma na tashi da aikin kwalema tun da hantsi. Na janye randa zan share, sai na ga gindin zanen ya jiƙe da danshi. Na ce bari dai in leƙa in ga ko ruwa ya shiga. Na buɗe. 'Yan kwalabe ne ƙanana guda goma sha shida, kowace da takarda manne a jiki, a cikin kowace akwai wani abu kamar kamu da ya daskare. A kansa kuma, jama'a, fumfuna! Wata fara kamar auduga, wata baƙa, wata kore irin ta tuwon da ya kwana uku, wata kuma kalar garin citta, lallausa, gefenta fari. Na dafe ƙirji. Na ce shi ke nan, danshin randata ya ɓata wa yarinya aiki, kuma a ɗakina! Ni da ko ƙwarya ba ta taɓa yin fumfuna a hannuna ba. Sai na yi tunanin kirki, irin na uwa: abin ciki dai ya riga ya lalace, bari in ceto mata kwalaben, ta dawo ta tarar da su fes ta sake zubawa. Na dafa ruwa, na kawo soso da sabulu, na ɗaura tsumma a tsinke ina zurawa har ƙasa. Mai kalar cittar ce ta fi ba ni wuya, sai da na yi mata wanki uku. Takardun jiki suka saɓule suka bi ruwa. Na jera kwalaben a kan faifai a rana suna ƙyalli, ina kallonsu ina jin daɗin kaina.

Da la'asar Auta ta shigo da lalle a hannu, tana ba ni labarin amarya tun daga zaure. Sai idonta ya sauka a kan faifan. Ban taɓa ganin magana ta mutu a bakin mutum haka ba.

"Inna... mene ne wancan?"

"Kwalabenki ne. Ki gode Allah na duba, duk fumfuna ta cinye abin. Amma kin ga, ko ɗaya bai fashe ba."

Ta zauna a ƙasa daɓas, da kayan bikinta.

"Inna, fumfunar ita ce aikin."

Ban gane ba. Wallahi ban gane ba, har sai da Malam ya fito daga turaka saboda kukanta, ya zauna a bakin tabarma ya ce ta yi masa bayani a hankali. Ni kuma a karo na farko ban tashi duba wake ba. Tana share hawaye tana faɗa. Ta ce akwai fumfunar da take zaune a cikin itace mai rai, can cikin ganye da reshe, ba ta cutar da shi, ido ba ya ganinta, kamar baƙon da ya daɗe a gida har ya zama ɗan gida. Ta ce in aka wanke bayan reshe da magani aka kashe duk abin da ke waje, aka yanka shi ƙanana aka ɗora a kan abincin da take so, bayan 'yan kwanaki sai ta fito. Wasu daga cikin irin waɗannan fumfunar suna yin wani sinadari da yake rage wa hanta yawan maiƙon da take zubawa a jini.

"Baba, irin ƙwayar da kake sha, asalin danginta daga fumfuna aka fara samo su."

Malam ya zaro ido. "Ke Rukayya! Shekara uku fumfuna kuke ba ni?"

Ta yi dariya cikin kuka. Ni kuwa wani abu ne ya taso mini tun daga ƙafa. Ashe duk shekarun da Babana yake shafa wa itace laka yana cewa akwai abin da ke ciki da ba mu sani ba, da gaskiyarsa! Na matso har gwiwata tana taɓa tata, ina jero tambaya: a kowane itace? A saiwa ma? To in an dafa ganyen fa? Ta ce a'a, dafa ganye ba zai ba da shi ba, abin kaɗan ne ƙwarai, sai an raini fumfunar an tace an gwada, kuma kada Baba ya kuskura ya ajiye ƙwayarsa. Daga nan ta faɗi abin da ya kashe mini jiki. A cikin kwalabe goma sha shida, guda ɗaya tak ce ta nuna alamar sinadarin, kwalba ta tara. Wadda ta bari a makaranta ta mutu tun da aka yanke wutar ɗakin gwajin. Ba tare da ita ba, ba ta da abin da za ta kai gaban malamanta, shekara biyu ta tafi a banza.

"Wace kala ce ta taran?" na ce.

"Ruwan ƙasa-ƙasa."

"Kamar garin citta? Gefenta fari?"

Ta ɗaga kai. Na ce a raina, wadda na yi wa wanki uku.

Ta ɗauko littafinta. A gaban lamba tara an rubuta marke, Farin Dutse, daga Kawu Ilu. Shi ke nan. Ta ce marke ya yi yawa a dajin, kuma ba kowanne yake ɗauke da irin wannan fumfunar ba, ta gwada na Dingaya har biyu ba ta samu ba. Wanda ya san itacen kuma yana kabari.

"Ɗaurin mai jan zare ne?" na ce.

Suka juyo suna kallona, ita da babanta.

Bayan Sallah na yi ƙoƙarin cika rantsuwata in kuma gyara ɓarnata a lokaci guda. Na zaunar da ita na kwatanta mata: ki fita ta bayan masallaci, ki bi hanyar rafi, za ki ga tsamiya biyu, ki karya dama. Ta tafi tun da safe, ta dawo da yamma ƙafa duk taɓo. Tsamiya ɗaya ce ta rage, hanyar rafin ta zama gonar wani, masu gawayi sun bi marken dajin sun sare, kututture ya fi itacen tsaye yawa. Matar Yaya Ilu ma ta ce ita ba ta taɓa bin sa daji ba. Auta ta ajiye jakarta ta ce, "Ba komai, Inna, Allah bai nufa ba," ta shige ɗaki. Wannan ba komai ɗin ya fi mini zagi ciwo.

Washegari bayan Malam ya sallami masu ɗaukar karatun safe, na kai masa kunu na durƙusa, ban tashi ba.

"Hajiya, lafiya?"

"Malam, fatawa na zo nema. Mace ce ta rantse wa surukarta ba za ta ƙara shiga daji neman itace ba. Surukar ta rasu, babu halin neman afuwa. Yanzu kuma 'yarta tana cikin wani hali, kuma ita ce sila. Bakinta ya kasa kwatanta wurin, amma tana jin ƙafarta za ta gane."

Ya ajiye ludayin.

"Hajiya Babba ce ta sa ki wannan rantsuwar?"

"Ina kwana bakwai a gidan nan."

"Shekara talatin da wani abu, ban sani ba? Ni na ɗauka kunyar sana'ar kike."

Sai ya gyara zama ya koma malaminsa. Ya ce wanda ya rantse a kan abu, daga baya ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya yi abin da ya fi alherin ya yi kaffara, ya ciyar da mabuƙata goma. Ya ce neman magani a itace ba bokanci ba ne, mahaifiyarsa ta yi ne a kan iyakar saninta, Allah Ya gafarta mata.

"Ki dafa abincinki. Kuma da ni za a je. Likita ma ya ce in riƙa tafiyar ƙafa."

Kai, ranar nan! Na dafa shinkafa da wake tukunya guda, na zuba mai har sai da Malam ya ce wannan kaffara ce ko tsokana. Mutum goma aka ce, na ciyar da sha huɗu don kada a samu kuskure. Daren da za mu tafi ma ban iya zama wuri ɗaya ba, na ɗaura wannan zane na kwance, na nemo takalmin roba na aro. Mu uku muka hau motar Gwaram da sassafe: ni a gaba kamar mai gari, Auta da almakashi da safar hannu, babanku limamin unguwa guda rungume da kular ƙanƙara a cinya. Duk wanda ya gaishe shi a tasha sai ya ce, "Rakiya na yi, yau Hajiya ce malamar." Daga Gwaram muka hau babura. Ni da rabona da babur har na manta, na riƙe mai tuƙin kamar zan karya shi, ina salati ina dariya.

Da muka fita bayan gari na ga abin da Auta ta gani. Gero ya kai kafaɗa, ko'ina kore, ba hanya ba alama. Na tsaya ina waige-waige. Sai na cire takalmin aron na riƙe a hannu. Ban san me ya sa ba, haka dai muke tafiya da Baba. Ƙasa ta fara yi mini magana: nan yashi ne, to rafi yana hagu, nan ta koma tsakuwa, to mun kusa fako. Na daina neman itatuwa, tunda itace ana sarewa, na koma neman duwatsu. Akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse mai kwarmi a tsakiya inda ruwan sama yake taruwa, a nan Baba yake kwaɓa lakarsa. Muka yi ta kutsawa cikin gonaki muna ba masu noma haƙuri, Malam yana haki a baya yana cewa a dai tuna da mai maiƙo. Rana ta take tsaka na hango shi. Dutsen, da ruwansa a ciki, kamar jiya na bar shi! Na ruga, ni da ƙafar nan tawa mai ciwo, na ruga har ɗankwalina ya faɗi. Na juya gabas inda marken yake.

Babu shi. Kututture ne guda uku a jere, duk an sare su daidai ƙugu.

Auta ta kama hannuna. Na ce sake ni. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shafa ɓangaren gabas. Na farko sumul. Na biyu sumul. Na uku, mafi kauri, ya yi tofo ta ko'ina, sababbin rassa sun fi tsayina. Na durƙusa na buɗa ganyen. Can ƙasa da saran kaɗan, ga wani tsohon tabo da ya warke ya yi leɓe, a karkace. Duk na Baba suna sama, sun tafi da gangar jikin, sun zama gawayi. Wannan kuwa nawa ne. Ina shekara tara ya fara miƙo mini wuƙa, hannuna bai kai sama ba, na yanka a inda tsayina ya tsaya, na kuma karkace. Ya yi dariya ya ce itacen zai riƙa tunawa da ni.

"Shi ne! Auta, shi ne! Malam, zo ka ga aikina!"

Na rangaɗa guɗa a tsakiyar gonar mutane, har wani mai noma ya taho da gudu da fartanya yana tambaya ko maciji ne. Auta ta sa safar hannu tana yanka rassa, tana ta gargaɗina: Inna, ba tabbas, tunda an sare uwar, wataƙila fumfunar ba ta hau tofon ba. Na ce yanka dai, amma ta gabas, kuma kada ki wuce biyar. Da ta gama na ɗebo ruwa a kwarmin dutsen na kwaɓa laka na shafe kowane wuri. Ina ɗagowa na ga Malam ya ajiye kula, ya ɗaga hannu yana yi wa Babana addu'a da sunansa. Sai da ya shafa ya ce, a hankali, "Mun yi wa bawan Allahn nan rashin adalci a gidanmu."

Ba a janye yajin aikin ba tukuna, amma malaminta ya samo mata wuri a wani ɗakin gwaji a Kano, ta wuce da kular a ranar. Ta ce sai an yi kamar mako guda kafin a ga wani abu. Mako guda! Na ƙone miya sau biyu. Wayar Malam kuwa ta koma ɗaure a bakin zanena, in ta yi ƙara ko ina alwala sai na fito. Kwana na huɗu ta ce fara ta fito. Na shida ta ce baƙa da kore. Na ce mai cittar fa? Ta ce tukuna. Kwana na tara da hantsi hoto ya shigo, faranti shida na gilashi a jere, ba ta rubuta komai ba. Sai ga kiranta.

"Inna, duba da kyau. Akwai wadda kika sani a ciki?"

Na kai wayar bakin ƙofa wurin haske. Ban ko yi daƙiƙa biyu ba.

"Ta biyu daga ƙasa, hannun hagu! Ga farin gefenta nan! Ni za ki gwada? Wanki uku na yi mata!"

Ihun da ta yi sai da Malam ya jiyo daga zaure. Ya shigo ba hula, muka tsaya mu biyu tsofai-tsofai muna leƙen fumfuna a waya kamar an aiko mana hoton sabon jika. Bayan wasu makonni gwaji ya nuna alamar sinadarin nan ta dawo. Ta kammala karatunta a shekarar da ta biyo. Kuma kada wani ya je ya ce Auta ta haɗa magani, ita da kanta ta ce tafiyar da sauran nisa, abin da ta samu ƙofa ce kawai. Babanku har yau yana shan ƙwayarsa, har yau kuma ina sauya wa ƙwaryar man shanu maɓoya.

Ga abin da ba ku sani ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Da Auta ta taɓa gaya mini abin da ke cikin kwalaben nan, da ban wanke ba. Ta yi ta ƙoƙarin gaya mini, ni ce nake tashi. Ba tsafta ce ta wanke aikinta ba, kunnen da na toshe ne. Kuma ba shi kaɗai na wanke ba. Bayan mun dawo, Malam ya samo sabon littafi, kullum in ya sallami ɗalibai sai ya zauna a ƙofar kicin ya ce in faɗa masa itatuwan Baba yana rubutawa da ajami, sunan itace, inda yake fitowa, abin da ake yi da shi. Na fara da zumuɗi, marke, sabara, kalgo, taura, maɗaci, ina yi ina tafa hannu. Da na kai talatin da ɗaya sai na tsaya cak. Babana ya san ninkin wannan sau nawa, kuma duk ya faɗa mini. Ina ganin ganyen a idona, ina jin ƙamshinsa, sunan ya tafi. Na ce Malam rufe littafin, shi ke nan abin da ya rage. Bai rufe ba. Ya ce in kwatanta masa ganyen, ya rubuta kwatancen, ya bar fili a inda sunan zai zauna.

Littafin yana cikin akwatina, ƙarƙashin zanen Makka. Shekaranjiya ina tsintar shinkafa wani suna ya faɗo mini haka kawai, na bar tiren kaji suka hau, na tafi zaure da gudu ina kiran babanku ya kawo alƙalami. Saura fili goma sha tara.